Aron Inji na Mako Guda

Duk mai bin titin da ya taso daga gonar kaji zuwa cikin gari da safe ya san Sannu-Sannu. In bai san fuskarsa ba, ya san bayan motarsa. Akori-kura ce fara, an jera mata kiret-kiret na ƙwai an ɗaure da igiya, tana tafe a gefen hanya kamar mai ciwon ƙugu za ta asibiti. Masu keke suna wuce shi. An ce akwai ranar da wata akuya ta wuce shi, ta tsaya ta yi kiwo, ta sake wuce shi. Shi dai bai taɓa musa labarin ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ita akuyar ƙwai ta ɗauko?"

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana kai ƙwan gonar nan kantuna. Abin da ya fasa a tsawon wannan lokaci bai cika kiret guda ba, shi ma rabin laifin na wani rami ne da har yau ba sa ga-maciji da juna. Sunan motar Tsohuwa. Matarsa takan ce Tsohuwa ta girmi babbar 'yarsu, kuma ta fi ta samun mai. Ƙofar direba daga waje take buɗuwa, sai ya sauke gilashi ya zura hannu. Kujera ta lotsa daidai zamansa, in wani ya hau sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. Kowace safiya kafin ya murɗa makulli sai ya daki bonet da tafin hannu sau biyu, ya ce, "Tsohuwa, an tashi lafiya?" Babban abin alfaharinsa a duniya kuwa, bayan 'ya'yansa, shi ne injinta. In zance ya zo a tasha, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Fenti an sake, taya an sake, amma injin nan da shi ta fito daga kamfani."

Ana nan sai aka kawo sabon manaja gonar kaji, mutum mai son takarda. Ya tara masu ɗaukar ƙwai ya ce daga ranar Litinin, motar da ba ta da takardar shaidar lafiya mai rai ba za ta ƙetare ƙofar gona ba, kuma akwai masu sabbin motoci da ke jiran gurbi. Ta Sannu-Sannu ta mutu tun wata biyu. Amma ko gezau bai yi ba, don ya san hanyar ofishin hukumar motoci da direbobi kamar yunwar cikinsa.

A tashar akori-kura akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bencin shugaba. Abin da ke ciki ana kiransa kayan unguwa: tukunyar kashe gobara guda, jar alwatikar nan da ake ajiyewa a hanya in mota ta lalace, madubin gefe, da robar goge gilashi guda biyu. Akwai kuma safayar taya mai sauran zane, a jingine da bango. Duk wanda ranar duba motarsa ta zo, sai ya ɗauka ya ƙawata motarsa, da yamma ya dawo da su. Haka aka tarar, haka ake yi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin ha'inci. In za ka gidan surukai, ai kana aron hula.

Ranar Laraba da hantsi Tsohuwa ta shiga harabar ofis sanye da kayan unguwa. Tsohon mai duba motoci, wanda kallo ɗaya yake yi wa mota ya ce a danna hon, ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi direbobi sun sa masa suna Tocila, saboda tocilar da ba ta barin hannunsa ko da rana tsaka. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa gaban mutum ya faɗi.

Fitilu suka kama. Birki ya kama. Hon ya yi ƙara, duk da sai da aka lallaɓa shi. Sannu-Sannu har ya fara gyara hula, sai Tocila ya ce a buɗe bonet. Ya ɗauko tsumma ya goge wani lungu a gefen inji, wurin da Sannu-Sannu bai taɓa sanin ana kallo ba, ya haska. Ya dubi takarda, ya dubi inji. Ya sake gogewa.

"Baba, motar wa ce wannan?"

"Tawa ce, yallaɓai."

"Injin fa?"

Sannu-Sannu ya dubi injin. Tambayar ta zo masa kamar a tare mutum a hanya a ce masa, cikin nan da kake yawo da shi na waye?

"Injin... na motar ne."

"Lambar da ke jikinsa ba ita ce a takardarka ba. Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba. Mu je taga ta uku."

A taga ta uku akwai wata mata mai tabarau da aka ɗaure wa zare, da kwamfuta a gabanta, da fanka a bayanta tana juyi kamar an tilasta mata. Ta buga lambar da Tocila ya rubuto. Ta jira. Ta sauke tabarau kan hanci.

"Baba, injin nan yana cikin wata akori-kura shuɗiya." Sai ta karanto sunan mai ita, na yanka har da na uba.

Sai da Sannu-Sannu ya yi jim kafin ya gane. Shekara talatin ba wanda ya kira mutumin da wannan suna. Dogo ne, amininsa, wanda suka koyi tuƙi a hannun maigida ɗaya.

"'Yata, ai Dogo ya rasu. Bana shekara huɗu."

"Allah ya jiƙansa. Amma a nan bai rasu ba."

"A ina ne bai rasu ba? Da hannuna na..."

"A nan." Ta nuna kwamfutar da biro. "A nan yana da rai, motarsa tana kan hanya, kuma injin nan yana cikinta."

Sannu-Sannu ya waiwaya ya hangi Tsohuwa ta ƙofa, bonet a buɗe kamar tana hamma. "To ni da me na zo?"

"Abin da muke tambayarka ke nan, Baba."

Da ta ga idonsa ya raina fata, sai ta sassauta murya. Ta ce masa aikin wannan ofis ba neman fitina ba ne. Doka ce ta ɗora musu su san kowace mota da mai ita, kowane direba da lasisinsa, don ranar da mota ta buge mutum ta gudu, ko aka sace ta, ko aka fasa ta aka sayar gunduwa-gunduwa, a san ƙofar da za a buga. Shi ya sa ƙashin mota ke da lamba, inji ma ke da tasa. In inji ya bar gidansa ya koma wani ba da sanin hukuma ba, to a idon doka ko dai sata ce, ko kuwa wani abu ne da sai an yi bayani.

"Ni na yi kama da ɓarawon inji?"

"Ko kusa. Amma kwamfuta ba ta ganin fuska. Motar za ta zauna a nan har a gano inda naka injin yake. In musaya ce aka yi, a kawo ɗayan mu gani, a zo da mai shi ko magajinsa. Muna tashi ƙarfe huɗu ranar Juma'a."

Haka Sannu-Sannu ya fito daga harabar da ƙafa, riƙe da ɗan matashin da yake jingina da shi. Sai da ya kai bakin titi ya tuna kayan unguwa suna jikin Tsohuwa, kuma gobe akwai mai zuwa duba tasa motar. A bas ɗin da ya hau zuwa gida ya riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, yana taka birkin da babu.

Matarsa na tsintar wake a tsakar gida ta gan shi ya shigo da matashi a hammata.

"Malam, ina ka baro ta?"

"An tsare ta."

"Me ta yi? Gudu dai na san ba ta yi ba."

"Wai injinta na Dogo ne. Kuma wai Dogo yana nan da ransa."

Ta ajiye faranti ta dube shi sosai, ta taɓa goshinsa da bayan hannu. "Ka ci wani abu tun safe?"

Mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe cikin Tsohuwa tun da aka saye ta, wato bakaniken da ake kira Ba-Matsala, don ba a taɓa kai masa mota ya faɗi wata kalma ba wannan ba, har da wadda aka kawo masa a cikin buhu biyu. Da la'asar Sannu-Sannu ya same shi a rumfarsa, ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin wata tasi. Ya ba ƙafafun labari tun daga farko.

Ba-Matsala ya turo kansa waje, ya goge hannu a wando. "Af! Aron nan ne."

"Wane aro?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da muka sauke injinka da na Dogo mako ɗaya. Nasa ya riga naka tashi, amma motarsa tana wajen mai walda. Kai kuma kana tsaye a kaina kana ƙwai, ƙwai, ƙwai. Sai na ce bari in sa maka nasa na mako guda. Da naka ya tashi, motar Dogo ta dawo cikinta fayau, shi ma yana ta sauri, sai na jefa masa naka. Iri ɗaya ne ai, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ba ka gaya mini ba!"

"Na gaya maka mana."

"Cewa ka yi ba matsala."

"To ai ka ga na gaya maka ke nan."

Sannu-Sannu ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna. A tasha ana aron madubi, ana aron jak, shi kansa ya taɓa ba da aron sitiyari. Amma inji? Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga yatsa a gaban mutane yana cewa da shi ta fito daga kamfani. Shekara goma sha ɗaya yana dukan bonet yana gaisuwa. To wa yake gaisarwa?

"Nawa injin yana ina?"

Ba-Matsala ya sosa ƙeya da sifana. "Ka san da Dogo ya rasu an sayar wa 'yan gwangwan gangar motar. Injin kuwa Yaya ta hana. Ni na ɗora mata shi a kan ƙarfe, na haɗa bel. Shi ne yake juya mata injin niƙa."

Yaya ita ce matar marigayi Dogo. Duk direbobin tasha haka suke kiranta, kuma duk tsoronta suke ji. Washegari da safe suka same ta a shagon niƙa, gari ya yi mata furfura har a gira, mata sun jera robobi a layi. A ƙuryar shagon ga inji yana ta bugawa, fari fat. Sannu-Sannu ya tsaya ya saurara. Ya so ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, amma gaskiya ƙarar niƙa kawai ya ji.

Yaya ta kashe inji ta ce, "Sannu-Sannu da kansa? Yaushe ka taso, shekaranjiya?"

Suka gaisa. Ya fara kame-kame, ya tambayi yara, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce yana son aron injin na yini guda, sai fuskarta ta canza.

"Ka roƙi wani abin. Injin nan shi ne abin da ya rage mini na amininka. Kullum da safe in an tayar da shi, sai in ji kamar shi ne ya dawo daga hanya yana neman ruwan wanka."

Sannu-Sannu ya dubi Ba-Matsala. Ba-Matsala ya dubi rufin kwano. Ba yadda ya iya, Sannu-Sannu ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai, yana jiran kuka ko muciya, duk wanda ya riga zuwa.

Yaya ta daɗe tana kallon injin. Can sai ta tafa hannu, gari ya tashi.

"Shi ya sa! Wallahi shi ya sa! Shekara huɗu ina mamakin yadda injin Dogo ya zama mai sanyin jiki. Mutumin da bai taɓa yarda ya ga bayan wata mota ba! Injin nan ka zuba masa mudu biyu sai ya tsaya yana tunani. Ashe naka ne!" Ta juya kan Ba-Matsala. "Kai kuma baƙin mugu, Dogo bawan Allah ya yi shekara bakwai yana zagin gidajen mai, wai sun lalata fetur, motarsa ba ta ja."

"Ai ba..."

"In ka ƙarasa sai na niƙa ka." Ta sake duban Sannu-Sannu, idonta ya kawo ruwa, tana dariya. "To nasa fa? Kana nufin duk shekarun nan injin Dogo yana bin bayan masu keke? Allah sarki. Ka azabtar da shi."

Ta ce za a kai injin, amma sai ta sallami layin yau, kuma ƙafarta ƙafarsa.

Ranar Juma'a da safe aka kwance shi. Ba motar da za ta ɗauka, don mutanen tasha suna fushi da Sannu-Sannu a kan kayan unguwa da ya kai aka tsare. Sai amalanke aka samo. Direban shekara talatin da ɗoriya ya kama hannu ɗaya, bakanike ya kama ɗaya, Yaya tana gefe da mayafinta na fita da wani gwangwanin alewa a hannu, cike da takardun marigayi. Tana tafe tana ba da umarni. A hawan gada ta ce wannan ne karo na farko da ta ga Sannu-Sannu yana iyakar gudunsa. Sun iso ofis ƙarfe uku saura, gumi ya haɗu da gari ya yi musu kunu a wuya.

Tocila ya zagaya amalanken sau biyu. Bai yi dariya ba, amma sai da ya juya baya ya yi tari mai tsawo. Ya goge lungun, ya haska, ya karanta lambar harafi-harafi. Ta yi daidai da takardar Tsohuwa.

A taga ta uku mai tabarau ta karɓi takardar shaidar rasuwa daga hannun Yaya. Ta yi 'yan danne-danne, ta ce, "Yanzu ya rasu."

"Allah ya jiƙansa," in ji Sannu-Sannu, don bai san me ake cewa a karo na biyu ba.

Ta soke shuɗiyar motar daga rajista. Sannan ta ce hanya biyu ce. Ko dai kowane inji ya koma inda takarda ta san shi, a mayar wa Tsohuwa nata, a dawo a sake dubawa. Ko kuwa a cike fom na canjin inji, magajiya ta sa hannu cewa ta bar masa na mijinta har abada.

"Mayarwar kwana nawa za ta ci?" Sannu-Sannu ya tambayi Ba-Matsala.

"Ba matsala. Mako guda."

Sannu-Sannu ya ƙirga kwanaki. Ya san irin makon Ba-Matsala, ga Litinin saura kwana uku. Amma bai iya buɗe baki ya roƙi Yaya ba. Abin da ta yi shekara huɗu tana zaton tana riƙe da shi, yau ne aka nuna mata inda yake, kuma haƙƙinta ne ta ce a ba ta.

Yaya ta rufe gwangwaninta. "Ku tayar mini da shi in ji."

Suka fita harabar. Sannu-Sannu ya shiga, ya murɗa makulli. Yaya ta ce ya taka mai. Ya taɓa kaɗan, yadda ya saba.

"Taka, malam! Ba ƙwai ba ne a ƙarƙashin ƙafarka!"

Ya runtse ido ya taka. Tsohuwa ta yi wani irin ruri da bai taɓa jin ta yi ba, har tantabarun kan rufin ofis suka watse. Yaya ta dafa gefen motar ta tsaya tana saurare har ya ɗaga ƙafa. Ta share ido da bakin mayafi.

"Shi ne," ta ce. "Bar shi a kan hanya. Dogo bai taɓa son zaman gida ba, ba zan ɗaure shi a shago yana niƙa wa mata gero ba. Ni na saba da malalacin nan naka. Amma da sharaɗi: ko sau ɗaya a mako ka sa masa giya ta huɗu."

"Tana da ta huɗu?" in ji Ba-Matsala.

Ta sa hannu, aka buga hatimi. Sannu-Sannu ya tambayi mai tabarau ko shi ma injin niƙan sai an yi masa takarda. Ta ce abin da ba ya kan taya ya fita daga hannun hukuma. Ya waiwaya ya dubi tayoyin amalanke, ya buɗe baki, Ba-Matsala ya taka masa ƙafa.

Ƙarfe huɗu saura kwata Tocila ya zo da takardar shaidar lafiya, amma bai miƙa ba. Ya ɗauko tukunyar kashe gobara ya juya gindinta. Ga ɗigo-ɗigon farin fenti sun kusa zagaye ta.

"Baba, duk zuwanta nakan ɗiga mata ɗaya. Yau zuwanta na arba'in da ɗaya, ta fi wasu ma'aikatanmu zuwa aiki. Kuma babu komai a cikinta tun bara. Akwai shago a tsallaken titi. Ka gaya wa mutanen tasha ina gaishe su."

Waɗanda suka ga Sannu-Sannu ya tsallaka titin nan ya dawo rungume da sabuwar tukunya sun rantse da gudu ya yi. Shi ya ce sauri ne kawai.

Ranar Litinin ya miƙa wa manaja takarda a ƙofar gona, manaja ya karanta gaba da baya ya ɗaga masa hannu. Ya kai ƙwai kantuna, ko ɗaya bai fashe ba. A hanyar dawowa, mota ba kaya, titi ba kowa, ya tuna sharaɗi. Ya yi bismilla ya lalubi giya ta huɗu, ya same ta can inda ya bar ta tun tana sabuwa. Tsohuwa ta zabura kamar an tsikare ta. Itatuwa suka fara wucewa ba ko sallama. Ya jure daga wannan turken lantarki zuwa na gaba, sannan ya koma ta biyu, yana haki, hularsa a karkace. Jim kaɗan wani mai keke ya wuce shi ya ɗaga masa hannu, hankalinsa ya kwanta.

Abu ɗaya ne har yau bai warware ba. A takarda motarsa ce, hukuma ta buga hatimi, ba mai ja. Amma da safe in ya zo gaban bonet ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Matarsa ta ce ta sha leƙo shi ta taga yana tsaye haka, hannu a sama, kamar mai son tuna sunan baƙo. Daga bisani sai ya daka sau biyu, ya ƙara na uku, ya ce, "To, ku dai. An tashi lafiya?"